Yadda za ka gyara tsohon hoto ba tare da ka sauya wa mai shi kamanni ba

Wata Lahadi, ranar da kasuwar Gujungu ke ci, wani saurayi ya shigo ɗan shagon kwamfutar da nake riƙe da shi, waya a hannu, bakinsa har kunne. Hoton mahaifinsa marigayi ya samo. Da wata tsohuwar Nokia aka ɗauke shi a wajen wani suna, wani ɗan uwa ya ɗora a Facebook, shi kuma daga can ya kwafo. Ya saka shi a wata manhajar gyaran hoto, kafin ya ƙifta ido ta fito masa da fuska tas, kamar jiya aka ɗauka a sitidiyo. Ya ce in wanke masa babba, zai sa a firem ya kai wa mahaifiyarsa. Na wanke. Bayan kwana biyu sai ga shi da firem ɗin a leda, jiki a sanyaye. Wai da ya miƙa mata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan ba Malam ba ne. Ina billensa? Ina wushiryarsa?"

Gaskiyarta. Manhajar ta ɗauka billen ƙarce ne a jikin hoto, ta goge. Ta toshe wushiryar, ta haskaka fatar, ta rage masa shekaru. Mutumin da ke cikin firem ɗin kyakkyawa ne ƙwarai, sai dai ba a taɓa haihuwarsa ba.

Tun daga ranar na sauya salon aikina. Ga hanyar da nake bi yanzu, daga neman hoto har zuwa wanki. Manhajar da kowa ke ɗoki tana ciki, amma kusan a ƙarshe take zuwa.

Fara gane ciwon hoton

Hoton waya kamar ɗinkin hula yake: ƙananan ɗigo ne aka jera, kowane da launinsa. Ɗigon nan shi ake kira fiksel. Wayoyin farko masu kyamara yawancinsu ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye suke ɗauka, jimla 307,200. A ɗan gilashin wayar wancan lokaci hoton yana fita ras. Amma wanki mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, don haka hoton nan iyakarsa inci biyu da ɗoriya a faɗi, wato kusan girman hoton fasfo. Hoton albam na inci 4 da 6 yana buƙatar 1200 da 1800. Na inci 8 da 10 da ake ratayewa a bango yana buƙatar 2400 da 3000. In ka ja ƙaramin ya cika babbar takarda, kowane ɗigo ne ke kumbura, shi ne muke cewa hoto ya fashe.

Ciwo na biyu matsa ne. Yawancin hotuna JPEG ne, shi kuwa JPEG yana rage nauyin fayil ta hanyar zubar da wasu bayanai, yana rarraba hoton gida-gida, ɗigo takwas-takwas. Duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa, ko aka ɗora a Facebook, ko aka tura ta WhatsApp yadda aka saba turawa, sai an ƙara zubar da wani abu. Shi ya sa za ka ga ƙananan murabba'ai da wani ƙazanta-ƙazanta a gefen fuska da bakin hula. Na uku shi ne dishi-dishi, ko hannun mai ɗauka ya girgiza, ko kyamarar ba ta saita kan fuska ba. Wannan ya fi sauran wuyar magani. Hoton takarda kuma da nasa: koɗewa, ƙarce, ninki, fumfuna, cin gara.

Ka buɗe hoton a wayarka, ka shiga inda ake nuna bayanansa. Za ka ga lambobi biyu da alamar sau a tsakani, da nauyinsa. Ka riƙe lambobin nan, da su za ka san iyakar girman da za ka iya nema.

Nemo asalin

A nan rabin aikin yake, kuma nan ne mutane ke tsallakewa saboda ba danna waya ba ne, yawo ne da tambaya. Hoton da ke hannunka sau da yawa jikan jikan asalin ne: wani ya ɗora a sitatus, wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, ya tura wa wani a guruf ɗin dangi, kai kuma ka sauke. Kowane zango an ɗebe masa wani abu. Ka bi sawu baya. Wa ya fara ɗorawa? Wayar wa aka ɗauka da ita? Ina memorinta? A gidajenmu ba a cika yar da memori ba. Za ka same shi a gwangwanin allura da zare, a aljihun tsohuwar jaka, a ƙasan adaka, ko a cikin matacciyar wayar da yara ke wasa da ita. Ka sa shi a kwamfuta ko a wata wayar, ka duba foldar DCIM. Ka lura kada ka kwaso daga foldar ƙananan hotunan nuni, domin nan ma akwai kwafi, amma 'yan mitsi-mitsi ne. Ko an goge hotunan, muddin ba a cika memorin da sababbin abubuwa ba, akwai wata manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna PhotoRec da kan iya tono su. Sharaɗin shi ne kada a ƙara zuba komai a kansa kafin a gwada.

Wani abin da ya kamata ka sani: Bluetooth da Xender da kebul ba sa rage hoto, fayil ɗin suke kwafa yadda yake. Saboda haka wanda aka tura wa ta Bluetooth shekaru goma sha da suka wuce ya fi wanda ya sauke daga Facebook jiya riƙe da abu mai kyau. In mai asalin yana nesa, a Legas ko Fatakwal, ka ce ya turo ta WhatsApp a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, ba ta wurin hotuna ba. Zaɓin HD da WhatsApp ya ƙaro a 2023 ya fi na da, amma shi ma yana matsewa.

In kuwa hoton waya ne na wani hoton takarda, to takardar za ka nema. Ka je gidan da take, ka gaida mutanen gidan, ka roƙi arziki. Tsofaffi ba sa son bayar da aron hoto, kuma suna da hujja, don da yawa sun tafi ba su dawo ba. Ka ce, "Baffa, ba sai na fita da shi ba, a nan zaure zan ɗauka a gabanka." Da wuya a hana ka.

Ɗaukar hoton takarda

Kafin komai, kada ka yi wa takardar gyaran gangar Abzinawa. Ba a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ba a manna mata salatif, ba a kai ta a liƙe ta cikin leda da zafi. Ƙurar hunturu a kaɗe ta da busasshen ƙyalle mai laushi, a hankali. In hoton ya manne da gilashin firem, ka bar shi a haka, domin kana ɗagawa fuskar za ta bi gilashin. Ta cikin gilashin za ka ɗauka. Bayan ambaliyar 2022 da ta ci garuruwa da dama a Jigawa an kawo mini hotunan da suka jiƙe suka bushe a manne da juna, waɗanda aka ɓamɓare da ƙarfi kuwa babu abin da ya rage sai farar takarda da tabo. In ruwa ya taɓa hotuna, a raba su a hankali tun suna da danshi, a shimfiɗa kowane fuskarsa sama a kan ƙyalle mai tsabta, a inuwa. Ba a shanya su a rana, ba a sa musu dutsen guga, ba a taɓa fuskar da yatsa.

Haske shi ne komai. Ka zaɓi safiya, a bakin zaure ko inuwar baranda, inda haske ya wadata amma rana ba ta dukan takardar. Gindin bishiya bai yi ba, don ganye na yayyanka hasken. Ranar da hazo ya rufe rana a hunturu ma ta fi kowace daɗin wannan aiki. Ka kashe filashar waya. Ka goge idon kyamara da gefen rigarka, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa hoto hazo. Da kyamarar baya za ka ɗauka, kuma ka kashe duk wata kwalliyar fuska da tacen launi da wayoyi irin su Tecno da Infinix da itel ke zuwa da su, har da tambarin sunan waya da kan fito a ƙasan hoto.

Ni ga yadda nake yi. Nakan shimfiɗa farar takarda a ƙasa, in ɗora hoton a kai. In jawo benci ko kujera 'yar tsugunno, in kwantar da wayar a bakinta yadda idon kyamara zai leƙo ƙasa, ya dubi tsakiyar hoton sak, ba a karkace ba. Tazarar kamar taƙi ɗaya da rabi. In ta yi kusa da yawa kyamarar ba za ta iya saitawa ba, in ta yi nisa ka yi asarar ɗigo a kan tabarma. Kada ka jawo hoton da yatsu biyu, matso da wayar ko ɗaga takardar da littattafai. Ka taɓa fuskar mutumin a gilashin waya don ta saita a kanta, ka sa agogon daƙiƙa uku, ka janye hannunka. Ka ɗauka sau biyar ko shida, kana ɗan juya takardar, sannan ka buɗe kowane ka duba idanu, ka zaɓi wanda ya fi fita. In akwai gilashi ko takardar mai sheƙi ce, ka sa tufa mai duhu, in ba haka ba farar rigarka za ta fito a goshin kakanka. Manhajar PhotoScan ta Google, wadda ta fito a 2016, don wannan sheƙin aka yi ta: takan nuna maka ɗigo huɗu, ka kai wayar kan kowane, ta haɗa ɗaukan ta cire ƙyallin. Nakan ɗauka da ita in kuma ɗauka da kyamarar waya, in kwatanta.

Sikana ta fi waya, in akwai ta kusa kuma an yarda ka fita da hoton. Amma sai ka tsaya a kan mai shagon, domin hannunsu ya saba da takardun makaranta, inda ake sa ƙaramin ma'auni a fitar da PDF. Ka ce a goge gilashin, a sa ma'aunin ɗigo 600 a kowane inci ga hoton albam, 1200 ga hoton fasfo, a ɗauka da launi ko da hoton baƙi da fari ne, a kashe gyaran da na'urar ke yi da kanta, a adana a PNG ko TIFF, nau'o'in fayil da ba sa zubar da bayanai kamar JPEG. Hoton inci 4 da 6 a ma'aunin 600 zai ba ka 2400 da 3600, ya ishe ka firem na bango ba tare da wata manhajar ƙara girma ba. In kuma ka ci karo da nagetif, wato fim ɗin kyamara da ake wanke hoto daga gare shi, a ambulan ɗin mai hoto, ka adana shi da kyau, yakan fi takardar da aka wanke daga gare shi riƙe bayanai.

Da zarar ka samu mafi kyawun kwafi, ka buɗe folda ka sa mata suna ASALI, ka jefa shi ciki. Ba a gyara a kansa. Kwafinsa ake yi wa aiki.

Gyaran hannu

Manhajar Snapseed nake amfani da ita a waya. Kyauta ce, kuma bayan ka sauke ta ba ta buƙatar data, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da sai ka hau tudu ake samun sabis. Kafin ka fara, shiga saitinta ka sa kada ta rage girman hoto, ingancin adanawa kuma ka kai shi ƙarshe ko ka zaɓi PNG. Ka yi duk gyaran a zama ɗaya ka adana sau ɗaya.

Da miƙewa ake farawa. Zaɓin Perspective da ke cikinta na daidaita kusurwoyi in wayar ta ɗan karkace, sannan ka datse gefen. Kada ka datse da yawa. Tambarin sitidiyo, kwanan watan da aka buga a kusurwa, keken da ke jingine a baya, rumbun da yanzu babu shi, duk shaida ne, wata rana su za su gaya wa jikoki shekarar da wurin.

Sai launi. Hotunan launi na shekarun 1970 da 1980 sukan rine su yi ja, saboda rini uku ne a jikin takardar, kuma mai shuɗi-shuɗin yakan riga sauran gudu. A White Balance akwai ɗan tsinken ɗaukar launi. Ka ɗora shi a kan wani abu da ka tabbatar fari ne a cikin hoton, kamar rawani ko farar shadda, za ka ga jan ya ja baya. In launin ya lalace har ba ya gyaruwa, mayar da hoton baƙi da fari ya fi mutunci a kan fata mai ruwan lemo.

Wajen haske akwai tarkon da ya shafe mu musamman. Hotunanmu da yawa baƙar fuska ce a saman farar riga, an ɗauka da tsakar rana, ga hula ko mayafi ya yi wa ido inuwa. In ka ƙara hasken hoton gaba ɗaya, fuskar za ta fito amma rigar za ta ƙone, aikin aska takwas da ke ƙirji ya ɓace. Abin da za ka ɗaga shi ne Shadows, wato wuraren duhu kaɗai, ka ɗan sauke Highlights, wato wuraren haske, don zaren aikin ya dawo. Kuma ka tsaya inda fatar ta kai kalar mai ita. Ba bilicin aka kawo shi ba.

Ƙarce da tabo kuma Healing ke cire su. Ka buɗa hoton sosai, ka riƙa taɓa tabon ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙaramin taɓi, ba jan dogon layi ba. A bango da sama da riga ka sake jiki. A fuska ka yi taka-tsantsan. In ba ka san mutumin ba, ka tambaya kafin ka goge kowane layi, domin bille da fashin goshi da 'yan baka a tsohon hoto kamarsu ɗaya da ƙarce. Ƙarce yakan zarce daga fuska ya hau hula ko bango, tsaga kuwa tana tsayawa inda wanzami ya tsaya.

Sau da yawa, musamman hoton takarda da aka ɗauka da kyau, a nan aikin ke ƙarewa.

Ƙara girma da ƙirƙirarriyar basira

In asalin ƙarami ne, kamar na tsohuwar waya, to dole a ƙara masa ɗigo, kuma a nan ne ya kamata ka san abin da ke faruwa. Manhajar ba ta tono abin da ya ɓace, domin babu shi a fayil ɗin. An nuna mata ɗimbin hotuna ne har ta koyi yadda ido da gashi da fata suka saba kasancewa, sai ta cike gurbin da hasashe. Yi lissafin da kanka. In ka ninka faɗi da tsawo sau biyu, ɗigon ya ninku huɗu, uku cikin kowane huɗu ƙirƙira ne. In ka ninka sau huɗu, ya ninku goma sha shida, sha biyar daga ciki ba kyamara ce ta gan su ba.

Hasashen kuma yana bin abin da aka fi nuna mata. A watan Yunin 2020 wani ya gwada wata fasaha mai suna PULSE, ta masu bincike a Jami'ar Duke da ke Amurka, da hoton Barack Obama da aka farfasa, sai ta fito da fuskar Bature. An ci gaba tun daga lokacin, amma har yau ina ganin hancin da aka sirance, leɓen da aka rage, kwallin da ya koma inuwa. Zanen hula zanna bukar yakan dagule, furen atamfa ya zama wani abu daban. Rubutu kuwa ya fi komai shan wahala. In hoton saukar karatu ne yaro na riƙe da allo, manhajar na iya mayar da ayoyin wasu ƙiraren da ba haruffa ba, wannan kuwa bai kamata a wanke a rataye ba. Hoton taro ma haka: na sahun gaba za su fito, na baya masu fuska kamar ƙwayar gero za a raba musu fuskokin baƙi.

Duk da haka ina amfani da su, ga yadda. In akwai kwamfuta, Upscayl kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan an girka ta, hoton kuma ba ya barin kwamfutarka. Tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfin sarrafa hoto, tsofaffin da yawa ba sa ɗaukarta. Tana gyara fashewa da murabba'an matsa da kyau, amma ba ta warkar da hoton da aka ɗauka a dishi-dishi. Ninki biyu nake tsayawa, sai in dole. A waya Remini ce aka fi sani. Tana da kaifi, kuma ita ce ta fi saurin yi wa fuska kwaskwarima, don haka a kashe duk wani zaɓin ƙawata fuska. Masu ɗan sanin kwamfuta za su iya gwada CodeFormer, wadda ke da ma'auni daga 0 zuwa 1: in ka yi ƙasa fuska ta fi kyau amma ta fi nisa da mai ita, in ka yi sama ta fi kama da asali. Ni daga 0.7 zuwa sama nake zama.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce gauraya. Ka buɗe wanda manhajar ta ƙara wa girma a Snapseed, ka shiga Double Exposure, ka ɗoro wanda ka gyara da hannu a kansa, ka ja shi da yatsu har ido ya hau kan ido, baki kan baki, sannan ka daidaita ƙarfinsa wajen rabi. Billen zai dawo, tamojin fata ya dawo, sheƙin roba ya ragu. A kwamfuta manhajojin GIMP ko Photopea sun fi sauƙin wannan, domin kana iya barin gyaran manhaja a riga da bango, ka bar fuska da allo a kan na asali. Ƙarin kaifi, wato Details, shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan. Da ka ga farin zare ya fara zagaye kunne da hula, ka wuce gona da iri, koma baya.

Sanya wa baƙi da fari launi kuwa ban cika so ba. Manhajar ba ta san rawanin ɗan Kura ne mai baƙin shuni da ƙyalli ba, tana iya mayar da shi ruwan ƙasa. In za a yi don sha'awa, a ajiye na asalin kusa da shi.

Abu biyu kafin ka danna. Remini da ire-irenta da ke aiki da data suna aika hoton ne zuwa kwamfutocin kamfani. In hoton matan gida ne, na amarya ko na zaman ɗaki ba mayafi, ka nemi izini, ko ka tsaya ga abin da ke aiki a cikin na'urarka. Haka in a shago aka yi maka, ka tsaya a goge kwafin a gabanka. Na biyu, gwajin kyauta da ke neman lambar katin banki yakan rikiɗe ya zama biyan kuɗi na kowane mako ko wata in ba ka soke ba. Kuma hoton da manhaja ta taɓa wa fuska ba a yin cigiya da shi, ba a manna shi a takardar hukuma.

Shaida, sannan wanki

Idonka ba zai yi alƙalanci ba, don ka daɗe kana kallon hoton har ka saba da sabuwar fuskar. Ka kai wa wanda ya zauna da mutumin, kada ka faɗi ko wane ne. Ka ce, "Inna, duba mini, kin san wannan?" In ta ambace shi nan take, aiki ya yi. In ta yi jim, ta matso da wayar, ta ce kamar wane, to ka koma ka rage.

Wajen wanki ka raba yawan ɗigon faɗin hoton da 300, ka ga incin da zai ba ka mai kyau a hannu. Na bango da ake kallo daga nesa yana jure har ɗigo 150 a kowane inci. Ka fara wanke ƙarami na gwaji, domin takarda takan fi gilashin waya duhu. Takarda marar sheƙi ta fi rufa wa tsohon hoto asiri. In hoton ba zai kai girman firem ɗin ba, kada ka tilasta masa, ka sa shi a tsakiya da faffaɗan farin gefe. Ka kai fayil ɗin ta kebul ko filas ko Xender, kuma ka gaya wa mai wankin kada ya ƙara nasa gyaran, don wasu da sun ga baƙar fuska hannunsu ke kaiwa ga haske.

Ka ajiye asali da gyararre a wuri biyu aƙalla. Asusun Google na ba da gigabayit 15 kyauta, sai kuma memori ko filas a hannun wani ɗan uwa a wani gidan. Ka sa wa fayil suna na gaske, sunan mutum da gari da shekara in an sani. Takardar kuma a ambulan, a sama, nesa da bangon da ke tsatsafo da damina. Bayani a bayanta da fensir ake rubutawa, biro yana huda takarda kuma tawadarsa na ratsawa.

Shi saurayin nan, sati uku ya yi yana bin sawu. A ƙarshe a wajen kawunsa aka samu memorin, a naɗe cikin takarda a aljihun jakar Makka. Hoton 640 da 480 ne, amma bai taɓa bi ta Facebook ba, billen na nan ɓaro-ɓaro. Na ɗaga inuwar fuskar, na ninka shi biyu, na gauraya da asalin, muka wanke inci 5 da 7 a tsakiyar babban firem. Bai kai na farkon sheƙi ba, gefen rigar ma da sauran hazo. Da ya dawo biyan kuɗi na tambaye shi me Inna ta ce. Ya ce ba ta yi maganar fuskar ba sam, hular ta tsaya a kai, ta ce ita ce wadda Malam ya saya a Maigatari shekarar da aka haifi autarta. Na ba shi fensir ya rubuta hakan a bayan hoton kafin mu mayar da ƙusoshin firem ɗin.